Makarantun Gwamnati da Tarihin Ƙofar Gida

Jawabin da aka gabatar a zauren ƙungiyar ɗalibai lokacin makon al'adu



Da farko ina miƙa godiya ga kwamitin da ya shirya wannan zama, saboda damar da ya ba ni in tsaya in yi magana gaban waɗanda suka fi ni shekaru da sani. Na san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, mu kuwa jiya-jiya muka fito daga azuzuwan da zan yi magana a kansu.

Abin da aka ɗora mini shi ne in yi bayani a kan makarantun gwamnati da matsayin fasaha da tarihin gida a cikinsu. Domin kada magana ta watse, zan tsaya a wuri ɗaya, watau garin Talata Mafara da maƙwabtansa Bakura da Maradun, har zuwa Kaya. Abin da zan faɗa a taƙaice shi ne: makarantar gwamnati ita kaɗai ce ƙofar da ɗan talaka da ɗan sarki suke iya shiga tare, amma yaron da ya shiga ta a wannan yanki yakan fito bai san labarin ƙasar da yake takawa ba. A da ana iya cewa gida zai cike wannan giɓi. Yau da tashin hankali ya warwatsa ƙauyuka, in makaranta ba ta riƙe labarin ba, to, babu mai riƙe shi.

Abin da ke binne a ƙarƙashin ƙafafunmu

Wanda ya biyo hanyar Gusau zuwa Sakkwato yakan ɗauki Mafara a matsayin zango, wurin shan mai da sayen abinci, sai kuma kasuwar da garin ya ari sunan ranarta. To, amma duk wanda ya buɗe littattafan tarihin ƙasar Hausa zai iske sunayen garuruwan wannan yanki a shafuffukan da suka fi kowanne muhimmanci.

Cikin shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa a ƙasar Zamfarawa, sarautar Zamfara ta shiga yawo daga wannan gari zuwa wancan kafin ta zauna a Anka. A cikin wannan hali ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shigo Zamfara da wa'azi tare da ƙanensa Abdullahi, wajen ƙarshen shekarun 1780, suka yi kimanin shekara 5, kuma Faru tana cikin wuraren da ya zauna. A Magami ne, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa ranar Idi ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiyar, ya nemi abu 5 a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ya so amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke tsare, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Faru da Magami suna nan a ƙasar Maradun.

Bayan hijira zuwa Gudu a 1804, da nasarar Tabkin Kwatto, da kuma asarar da aka yi a Tsuntsuwa a ƙarshen wannan shekara, jama'ar Shehu ta gangaro Sabon Gari, wanda ke ƙasar Bakura a yau, ta yi watanni a can cikin 1805. Daga nan ne rundunar da ta ci Birnin Kabi ta tashi, kafin a koma Gwandu. Zaman bai ƙare cikin daɗi ba, don ƙarancin abinci ya ɓata tsakanin baƙin da wasu daga cikin masu masaukinsu. Wannan ma tarihi ne, kuma ya kamata yaro ya ji shi, don ya san cewa magabata mutane ne da suka sha yunwa, suka yi saɓani, suka kuma nemi hanyar zama tare.

Yanzu ina roƙon 'yan'uwana da suka yi firamare da sakandare a wannan yanki su tambayi kansu: a aji nawa aka taɓa gaya musu haka? Mun haddace shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa, mun san sunan Baturen da ya mutu a Busa, amma da yawanmu sai da muka zo jami'a muka ji cewa buƙatu biyar ɗin nan da ake karantawa a jami'o'in Ingila da Amurka, a bayan gidanmu aka gabatar da su. Wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya buga littafin tarihin Zamfara da Jamusanci tun 1959. Dakta Garba Nadama, wanda daga baya ya zama gwamnan Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, da Turanci. Ilmin yana nan, sai dai an kulle shi a harsunan da ɗan aji biyar a Kaya ba ya ji, a ɗakunan karatun da ba zai taɓa shiga ba.

Ƙasar makaɗa

Idan muka juya ga fasaha, to, nan ma wannan yanki ba ƙanen kowa ba ne. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a ƙasar Bakura aka haife shi, a ƙasar Maradun ya tashi, gidansu kuwa gidan kiɗa ne tun daga mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya kuma yi wa yayansa Kurna amshi kafin ya ja tasa ƙungiya. Ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya yi wa 'Yandoton Tsafe, ya yi wa sarakuna da dama, har ya kai ga babu gidan rediyon Hausa da bai san muryarsa ba. Sa'idu Faru, wanda ake kira Malamin Waƙa, sunan garinsu ne a jikin sunansa, kuma babban ubangidansa shi ne Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya riƙe ƙasar Talata Mafara cikin shekarun 1950, ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Dukansu biyu da kotso suka yi kiɗa.

Mai sauraro na yau da kullum yabo kawai yake ji a waɗannan waƙoƙi. Ɗalibin da aka koya wa sauraro kuwa zai ji abubuwa da yawa. Zai ji jerin sarakunan gari da iyayensu da kakanninsu, abin da sau da yawa ba a rubuta shi a ko'ina ba. Zai ji sunayen garuruwa da gulabe da duwatsu, da sunayen kayan yaƙi da na doki da na noma waɗanda suka fara fita daga bakin mutane. Zai ga yadda ake kafa gindin waƙa, a ɗora mata ɗiya, jagora ya ɗauko zance 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, ba tare da takarda ba, ba tare da wani ya yi tuntuɓe ba. Zai ga bambancin zambo da habaici, da yadda ake siffanta mutum da giwa ko gulbi ko hadari har hotonsa ya tsaya a idon zuci. Daɗin daɗawa, zai ji harshensa na gida da martabarsa, inda ake cewa "munka yi" da "shina nan" da "yaz zo", kalmomin da wani lokaci akan sa yaro ya ji kunyar furta su a aji.

Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun share shekaru suna nazarin waɗannan makaɗa, ana kuma ba da digiri a kansu a Kano da Zariya da Sakkwato. Ashe ba abin mamaki ba ne a ce abin da ake samun digiri da shi a Kano, a garin da aka haife shi ba ya samun ko minti 40 a jadawalin mako?

Haka abin yake ga sana'o'in hannu. Manhajar makarantu ta tanadi darasin fasaha da al'adu, amma a wurare da yawa darasin ya tsaya ga malami ya rubuta ma'anar "fasaha" a allo, yara su kwafa, a tashi. Alhali a unguwar da makarantar take akwai maƙeri da majemi da baduku da masassaƙi da mai ginin tukwane, waɗanda kowanensu ya fi littafin da ke hannun malamin sanin abin da ake magana a kai.

Darasin Bakolori

Ya shugaban taro, akwai misali guda da nake so in daɗe a kansa, domin shi ne ya fi nuna abin da ke faruwa ga al'ummar da ba ta rubuta labarinta da hannunta ba.

Cikin shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa, gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya aikin datse Gulbin Sakkwato a Bakolori. An gama madatsar a 1978. An tsara ta riƙe ruwa mita miliyan 450 mai kusurwa uku, a shayar da fili hekta 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun, a riƙa noma rani da damina. A takarda babu abin da ya fi wannan kyau. A ƙasa kuwa ruwan tafki ya ci gonaki da gidajen dubban mutane, aka tashe su zuwa sabbin matsugunai. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban ruwa an hana su shuka yayin da manyan motoci ke baje ƙasa, aka sare itatuwan da suke ci daga gare su, iyakokin gonakin gado suka ɓace. Waɗanda ke can ƙasa da madatsar kuma, fadamun da ambaliya take jiƙa musu kowace shekara suka fara bushewa, shinkafa da kifi suka ragu. Maganar diyya ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyi, suka tsai da aiki. A ƙarshen watan Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka yi harbi, aka ƙone gidaje.

Mutum nawa suka mutu? Gwamnati ta ce ba su kai 30 ba. Wasu masu bincike suka ce sun haura 380. Ku dubi nisan da ke tsakanin lambobin nan biyu. Kowane mutum da ke cikin wannan tazara yana da suna, yana da gari, yana da uwa da ta haife shi. Da a ce a 1981 an sa 'yan ajin ƙarshe na makarantun yankin, kowa ya je ƙauyensu ya rubuto sunan wanda bai dawo ba, da yau ba a gardama. Ba a yi ba. Abin da aka rubuta mai zurfi a kan Bakolori, malaman jami'a irin su Bjorn Beckman ne suka rubuta shi, da Turanci, a mujallun da manomin Bakolori bai taɓa gani ba. Wanda yake ɗan shekara 25 a ranar da abin ya faru, yau ya kai 70. Kowace damina tana tafiya da wasu daga cikinsu.

Ba don a ta da tsohon miki na kawo wannan ba. Na kawo shi ne saboda yayyenmu da ke zaune a nan, da mu da za mu bi bayansu, mu ne za a miƙa wa fayil gobe a ce ga aikin raya ƙasa, a ƙiyasta diyya, a tashi ƙauye kaza. Ma'aikacin da ya karanta Bakolori tun yana aji uku na sakandare ba zai sa hannu a irin wannan takarda da garaje ba. Zai tambaya: an zauna da masu gonakin? Wa zai ci riba, wa zai yi asara? Amfanin tarihi ke nan ga mai riƙe da alƙalamin gwamnati.

Halin da makarantun suke ciki

Adalci ne mu faɗi dalilan da suka kawo mu nan, don kada a ɗora wa malamin firamare laifin da ba nasa ba. Shirin ilmin firamare kyauta ga kowa na 1976 ya buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo ba, wannan kuwa alheri ne babba. Amma an yi shi cikin gaggawa, yara sun fi malamai yawa, manhaja kuma daga sama take saukowa iri ɗaya ga ɗan Kalaba da ɗan Kaya. Shirin da ya gaje shi, wanda aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, bai sauya wannan ba. Sa'an nan daga shekarar karatu ta 2009/2010 aka cire Tarihi daga darussan firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin darasin zamantakewa. Da yawanmu a zauren nan 'ya'yan wannan zamani ne. A Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin mai da darasin, tare da shirin horar da malamai 3,700, watau 100 ga kowace jiha da Abuja. Malami 100 a jiha mai ƙananan hukumomi 14, kowa ya yi lissafi da kansa.

A kan wannan rauni ne babbar masifa ta sauka. Ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, suka kwashe ɗalibai, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Agusta na wannan shekara aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai 73 daga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya, gwamnatin jiha ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a jihar. Cikin wata bakwai, kowace ɗaya daga ƙananan hukumomin nan uku ta ga an taɓa makarantarta. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan fitina, ya ba iyaye haƙuri.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce: yaro, ana ta kai wa yake ta kaya? Makarantar da ba ta da katanga, ajin da ba shi da rufi, iyayen da ke fargabar tura ɗiya, ina suka ga ta kotso da labarin Bawa Jan Gwarzo? Na yarda tsaro shi ne gaba, babu mai hankalin da zai musa. Gwamnatin jiha ma da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2023, gini da gyara ta sa a gaba, kuma haka ya dace. Amma akwai bambanci guda. Ajin da ya rushe bana ana iya gina shi baɗi. Tsohon da ya rasu bana da labarin garinsu a kansa, babu kasafin kuɗin da zai dawo da shi. Ƙauyen da ya watse, mutanensa suka rarrabu tsakanin Mafara da Gusau da Sakkwato, in aka shekara 10 ba a rubuta sunayen unguwanninsa da iyakokin gonakinsa da maƙabartarsa ba, ranar da zaman lafiya ya dawo, rigimar da za a yi a kan ƙasa za ta zama sabuwar fitina. Saboda haka aikin da nake kira a yi, lokacinsa yanzu ne, tun da sauran shaidu.

Wasu kuma za su ce kiɗa da roƙo ba abin kai wa makaranta ba ne. Ina girmama wannan ra'ayi. Ban ce a mai da yara maroƙa ba, kamar yadda mai karanta waƙoƙin Larabawan jahiliyya don ya san lugga ba a ce ya bar addininsa. Malami yana da ikon zaɓe. Akwai waƙoƙin noma da ke zuga mutum ya riƙe fartanya ya bar zaman banza, akwai waƙoƙin wa'azi da malaman jihadi irin su Nana Asma'u suka bari cikin ajami, akwai tatsuniya da kacici-kacici da karin magana. Rumbun ya isa kowa ya ɗebi abin da ya dace da ajinsa.

Abin da za mu iya yi

Ba zan tsaya ga kuka ba. Ga shawarwari guda biyar, kuma babu wadda ke jiran Abuja.

Na farko, kowane ɗalibi a nan yana da waya a aljihu wadda ta fi na'urar da masu binciken 1970 suka yi yawo da ita. A hutu mai zuwa kowa ya zauna da tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya, da izininsu, ya ɗauki magana: asalin gari, jerin hakimai da limamai, yunwa da fari da aka gani, sana'ar gidan, yadda aka taso daga tsohon gari. A rubuta rana da wuri da sunan mai magana. Ba sai an shiga daji an sa rai cikin haɗari ba, don da yawa daga cikin waɗanda suka fi kowa labari suna zaune cikin garin Mafara a gidajen 'yan'uwa, sun baro ƙauyukansu. A kuma kiyaye kada a yaɗa abin da zai jawo wa mai magana cuta. 'Yan'uwanmu mata su ne za su iya shiga inda mu ba mu shiga, su ɗauko waƙoƙin daka da niƙa da gaɗa da reno, da labarin fitinar nan kamar yadda iyaye mata suka gan ta.

Na biyu, a samar wa abin da aka tara ɗaki. Talata Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tun 1992, tana kuma da Jami'ar Jihar Zamfara da aka kafa a 2018. Sakkwato tana da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu, Kaduna tana da Gidan Arewa, Kano tana da Gidan Makama. Garin da ke da manyan makarantu biyu bai kamata ya rasa ɗaki ɗaya da kabad da kwamfuta da ma'aikaci mai amana ba. A yi kwafi fiye da ɗaya, a ajiye a garuruwa dabam-dabam, don ba a tara ƙwai duka a kwando ɗaya a irin wannan zamani.

Na uku, ɗaliban Tarihi da na Hausa da na Ilmi su haɗa kai su rubuta ƙananan littattafai da Hausa, shafi 20 ko 30, daidai fahimtar ɗan aji huɗu zuwa shida: ɗaya a kan zaman Shehu a Zamfara, ɗaya a kan sarautun Mafara da Burmi da Kaya, ɗaya a kan gulbi da madatsa, ɗaya a kan makaɗa. Malamanmu su duba su gyara. Maimakon kundin kammala digiri ya ƙare a kan kanta yana shan ƙura, a fitar da ɗan littafi daga cikinsa ya koma garin da aka ɗebo labarin.

Na huɗu, wannan na yayyenmu ma'aikata ne, musamman waɗanda ke ofisoshin ilmi na ƙananan hukumomi da ma'aikatar ilmi. Darasin Tarihi ya dawo, darasin Hausa da na fasaha suna nan. Takardar umarni guda za ta iya sa a keɓe wasu makonni a kowane zango don tarihin gari, a kuma ba shugaban makaranta izinin gayyato maƙeri ko masaƙi ko dattijon fada ya yi wa yara bayani, a sallame shi da ɗan abin goro. Wanda ke aiki a gidan rediyo kuma ya bincika ma'ajiyar tsofaffin faya-faye, a juye su tun ba su lalace ba.

Na biyar, a nemi masu hali. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 20 cikin 24, 'yan waɗannan ƙananan hukumomi uku ne suka mulki Zamfara: Ahmad Sani daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Yankin da ya fitar da gwamna uku bai rasa manyan mutane da attajirai ba. Kuɗin buga ɗan littafi dubu biyar bai kai abin da ake kashewa a walimar naɗin sarauta ɗaya ba. Amma ba a ba mai hannu wofi, sai mun je musu da rubutu a hannu.

Ya shugaban taro, na san na ci lokaci. Yaron da ke zaune a ƙasa a wani aji a Kaya ko Jangebe, abin da duniya ta sani game da garinsu shi ne ranar da aka sace 'yan'uwansa. In ya buga sunan garin a intanet, abin da zai fara gani ke nan. Haƙƙinsa ne a kanmu ya san cewa a ƙasarsu aka tsaya gaban sarki aka nema wa talaka sauƙin haraji, a ƙasarsu aka haifi muryoyin da duk mai jin Hausa ya sani, kuma kakanninsa manoma sun taɓa tsayawa a kan haƙƙinsu har duniya ta ji. Yaron da ya san haka zai yi wuyar raina kansa, zai kuma yi wuyar sayar da garinsu da arha.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su buɗe takarda kafin a watse, duk mai niyyar ɗauko hira ɗaya a wannan hutu ya rubuta sunansa da garinsu, mu haɗu a farkon zango mu ga abin da ya samu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya sa albarka a karatunmu.